Ranar da na mayar da buhu 480 buhu 20

Watana uku da fara aiki wurin wani dillalin riɗi a kasuwar Dawanau, sai maigida ya ce in rubuta wa mai sayenmu na ƙasar waje saƙo da Turanci, in shaida masa kayan da ke shigowa a mako sun sauka daga buhu 500 zuwa 480. Ragin buhu 20 ke nan, wanda ko 'yan dako ba su lura da shi ba.

Ni kuwa a lokacin gani nake Turancin da bai yi nauyi a baki ba, na 'yan firamare ne. Na tsinci kalmar "plummeted" a jarida, ta burge ni, na daɗe ina neman inda zan sauke ta. Sai na rubuta: "Supply plummeted to 20 bags." Na aika, har ina jin kaina.

Bayan la'asar wayar maigida ta ɗauki ƙara. Mai sayen ne, hankalinsa ya tashi, ya fara cigiyar wani dillalin. Maigida ya ajiye waya, ya dube ni ta saman tabarau: "Yaro, ina ka kai min buhu 460?"

Laifi biyu na tafka a jimla ɗaya. "Plummet" faɗuwa ce irin ta guga idan igiya ta tsinke, ba a faɗinta kan ɗan ragi. Na biyun ya fi ciwo, don ɗan ƙaramin harafi ne: "by" yana nuna abin da aka rage, "to" kuma inda aka tsaya. Abin haushin, da Hausa ba zan taɓa haɗa "ya ragu da 20" da "ya koma 20" ba.

Abin da ya kamata in rubuta shi ne: "Supply fell slightly, by 20 bags, to 480." Daga baya na gane "slightly" aikatau take bi, "slight" kuwa suna take rakawa, kamar "a slight decrease". In abu ya ɗan nutse ya sake tasowa, "dipped" ce ta dace. In a hankali yake zamewa, kaɗan ƙwarai, sai a ce "edged down".

Maigida ya shawo kan mai sayen da kyar, ni ma bai kore ni ba. Amma har na bar wurin, "Buhu Ashirin" 'yan dako suke kirana.