Sifinja da Taca

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na bakin kogi, daga Mai Wurno zuwa Sinja har Damazin, ya san ƙugin Sifinja. Tsohuwar Bedford ce 'yar Ingila, kamfaninta ya daina ƙera manyan motoci tun shekarun 1980, ita kuwa ta ƙi mutuwa. Sunan ma daga silifas ɗin roba aka samo shi, saboda laushin tafiyarta. Makanikan Sudan ne suka riƙe ta. Sukan kwance ta ƙusa-ƙusa, su ƙara wa ƙashin bayanta ƙarfe, su ƙara sifirin, su ɗora sabon bodi, sai ta ɗauki kayan da Baturen da ya zana ta bai taɓa mafarki ba. Ita ke kai dawa da riɗi kasuwa, ita ke kai amarya. In ta lalace a daji, direba da yaronsa da sifana biyu sun ishe ta.

Kawuna bakanike ne, a garejinsa na yi wayo kafin karatun jarida ya kai ni gidan rediyo. Bayan Bedford, motar da yake girmamawa ita ce tsohuwar Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a 1948. A watan Janairun 2016 aka rufe ƙirar tsohuwar Defender, a 2019 aka fito da sabuwa da sunan nan dai, ana haɗa ta a Sulobakiya. Wani mai sauraron shirina da ke aiki a Saudiyya ya turo mini hotonta, na kai wa kawu. Ya daɗe yana duban waya, sannan ya ce, "To ɗana, ina ake sa sifana?" Na ce masa sai an jona ta da kwamfuta take faɗin ciwonta. Ya miƙo mini wayata. "Wannan ba tamu ba ce, sunan kawai suka sayar."

Ban ce motar ba ta da kyau ba. Tana da sanyi, tana da gudu. Sai dai an ɗauki sunan da manoma da direbobin karkara suka yi wa daraja, an manna shi a jikin abin da ba su iya saye, ba su kuma iya buɗewa. Abin da Bahaushe ke kira ungulu da kan zabo ke nan.

Masu mulkinmu irin wannan cinikin suke yi, sai dai nasu a juye yake. Mai mota ya bar suna ya sauya inji, su kuwa sukan bar inji su sauya suna. Mayaƙan Janjawid da suka ƙona ƙauyukan Darfur, a 2013 aka yi musu sabon fenti, aka kira su dakarun kai ɗaukin gaggawa, RSF. Ranar 11 ga Afrilun 2019 Umar al-Bashir ya faɗi bayan shekara 30, muka yi ta guɗa a tituna. Waɗanda suka hau bayansa, Burhan da Hamidati, duk a garejinsa aka haɗa su. Ba a cika wata biyu ba, ranar 3 ga Yuni, aka buɗe wa masu zaman dirshan wuta a gaban hedikwatar soja a Khartum. Ranar 25 ga Oktoban 2021 su biyun suka haɗa kai suka ture farar hula. Ranar 15 ga Afrilun 2023 suka juya wa juna bindiga, kowa yana rantsuwa don talaka yake yi.

Mu a nan mun ɗanɗana tun kafin wannan. A watan Yulin 2022 rikicin ƙasa da sarauta ya tashi tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Nil Azrak, fiye da mutum 100 suka mutu, a Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi. Mutanen da suka shekara aru-aru suna cin kasuwa ɗaya suka wayi gari ana tambayar wane ne ɗan ƙasa. Kakanninmu sun kafa Mai Wurno ne bayan yaƙin Burmi na 1903, iyayenmu sun tsinci audugar Jazira, amma in ɗan siyasa na neman itacen hura wuta, mu ne baƙi.

Misalin da ya fi ci mini rai shi ne na Abu Aƙila Kaikal. Yana cikin kwamandojin RSF lokacin da suka shiga Wad Madani a Disambar 2023. A Oktoban 2024 ya koma ɓangaren soja, RSF ta huce haushinta a kan ƙauyukan gabashin Jazira. A Janairun 2025 ya dawo Madani tare da soja, ana yi masa kirarin mai ceto. Mutum ɗaya, gari ɗaya, an sake fenti kawai.

Akwai tsohuwar mota guda da masu ƙira ba su lalata ba. Ita ce Land Cruiser a-kori-kura, wadda Toyota ke yi tun 1984 da siffarta kusan yadda take. A Sudan Taca muke ce mata, sunan tsohuwar firaministar Ingila. Mota ce mai jimiri, kowane bakanike ya san cikinta. Da ita ya kamata a riƙa kai mai naƙuda asibiti da damina. Yau in ka hango ƙurarta, ka san da doshka kafe a bayanta. Ita ce ta shiga Sinja a ƙarshen Yunin 2024. Sifinja kuma ita ta kwashe waɗanda suka tsira, tsofaffi a kan buhuna, yara a kan tsofaffi.

Shirina na gaishe-gaishe ne. A da saƙonnin na biki ne da suna da barka da dawowa daga Hajji. Tun da aka fara yaƙin nan, wanda ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu, rabin abin da nake karantawa cigiya ce. Wata uwa na neman ɗanta mai shekara 12, sun rabu a gada. Wani dattijo na tambayar ko akwai wanda ya ga matarsa a Gadarif. Ina gama karanta su sai labarai su shigo, janar ya ce ba sulhu sai an ga bayan maƙiyi. Ban taɓa karanta cigiyar ɗan janar ba.

Shi ya sa na daina auna shugaba da kakinsa ko da sabon sunan rundunarsa. Tambayar kawu nake yi: ina ake sa sifana? In ya lalace, muna da hanyar buɗe shi mu duba? Akwai kotun da za ta kira shi, akwai ƙuri'ar da za ta sauke shi, akwai ɗan jaridar da zai tambaye shi ya kwana a gida? Cikin waɗanda ke neman mu yi musu tafi yau, babu wanda ya yarda a ɗaga masa bonet.

Masu sauraro kan bugo su ce, "Malam, kai wa kake goyon baya?" Nakan ce musu akwai cigiya 40 a gabana, minti 30 kuma aka ba ni.