Ƙauyen tsattsewa a ƙarƙashin gada

Ƴan uwa manoma da makiyaya, wannan wata labarinmu daga nesa ya fito, daga Afirka ta Kudu, jihar Firi Sitet, wajen birnin Bulumfonten. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗa, ga ciyawa, ga gonakin masara, ga tumaki da shanu. Itatuwa kaɗan ne. Lokutansu sun saɓa da namu. A watan Disamba, sa'ad da muke jin ɗari, su damina suke.

A watan nan ne motarmu ta tsaya bakin wata gada. Na ji hayaniya daga ƙasa, na sauka na leƙa. Ashe gari guda ne na tsattsewa! Sheƙa ta manne da sheƙa, ko masaka tsinke babu. Kowace da laka aka gina ta, kamar ɗan gora mai guntun wuya. Da baki tsuntsun yake ɗauko lakar, ɗigo-ɗigo, ya jera kamar tubali. Mai ginin rumbu zai sara masa.

Turawa suna kiranta tsattsewar dutse, don a jikin duwatsu ma tana gini. Yawan gadojin siminti ya ƙara mata wurin zama.

Yaya ake gane ta? A dubi wutsiya. Tata gajera ce, kusan a daidaice, kamar an datse da almakashi. Bayanta baƙi ne mai shuɗi-shuɗi, gindin wutsiya ja-ja, maƙogwaro da ɗige-ɗige. Akwai wata ƴar uwarta a ƙasar, mai doguwar wutsiya a tsage da zane-zane a ƙirji. Ita wannan ba ta son taro. Mata da miji kawai suke gini, sheƙarsu da dogon zaure.

Abincinta ƙwari ne, a sama take cafke su. Tana bin garke da garma, don ƙwarin da suke tayarwa. Ba ta taɓa hatsi ba.

Amma rayuwarta a hannun ruwa take, kamar tamu. In babu ruwa, babu laka. In babu laka, ba gini, ba gyaran tsohuwar sheƙa, sai jira.

Wajen watan Afrilu, da sanyinsu ya gabato, sai garin ya watse. Su nufi arewa, har ƙasar Kwango. Wajen Agusta su komo ƙarƙashin gadojin, su duba abin da ya rage na sheƙunan bara.