Kujeru 31 na jihar Maraɗi

Daga Jibiya zuwa Maraɗi ba nisa: ka ratsa Ɗan Isa, ka wuce Jiratawa, sai ga ka cikin gari. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya. Sai da hira ta kai kan zaɓe, a wata majalisar shayi kusa da babbar kasuwa, na tabbata na ƙetare iyaka.

Mu a Katsina kowace mazaɓa kujera ɗaya gare ta. Wanda ya fi ƙuri'a ya kwashe, ƙuri'un sauran sun bi ruwa. A Nijar kuwa, kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, jiha sukutum ita ce mazaɓa. Cikin kujeru 171 na majalisar dokoki, Maraɗi na da 31, ban da kujerar musamman ta Bermo. Kowace jam'iyya ta kawo jerin 'yan takararta, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da ta samu. Shi ya sa a zaɓen 27 ga Disamba 2020 PNDS-Tarayya, duk ƙarfinta, ba ta kai rabin majalisa ba, kuma CPR-Inganci ta Kassoum Moctar, tsohon magajin garin Maraɗi, ta samu shiga. Wannan adalci ya burge ni ƙwarai.

Amma masu masaukina suna da kuka. A wancan tsarin, jam'iyya suke zaɓa, ba mutum ba. Shugabanninta ke tantance wa zai zama depite, wato ɗan majalisa. Manomin Tibiri da gulbi ya cinye wa gona, ƙofar wa zai buga cikin mutum 31? Depiten ma idonsa na Yamai, wurin waɗanda suka sa sunansa.

Ƙasar Ailan ta fi shekara 100 da samun maganin wannan. Mazaɓa kujera uku ce zuwa biyar, mai ƙuri'a ya jera 'yan takara da kansa: 1, 2, 3. Wanda ya haura adadin da ake bukata, rararsa ta koma ga zaɓi na biyu. Haka ma ƙuri'un wanda ya zo ƙarshe. Tsarin na da nauyi, gaskiya: ƙidaya takan ci kwanaki, 'yan jam'iyya ɗaya kan yi gaba da juna, kuma a ƙauyen da boko bai yawaita ba sai an dogara da hotuna.

Duk da haka shi na fi so wa Maraɗi. An rusa jam'iyyun Nijar a Maris 2025. Ranar da za a sake rubuta dokar zaɓe, a yanka jiha zuwa ƙananan mazaɓu, a bar talaka ya jera sunayen da hannunsa.