Mun Ga Rigar, Ba Mu Tambayi Mai Rigar Ba



Ranar da aka rantsar da 'yar'uwarmu a matsayin lauya a Abuja, hotonta da baƙar riga da farar hular nan ya zaga wayoyinmu duka. Mun san hanyar da ta biyo: shekara 5 a Jami'ar Bayero, ban da watannin yajin aiki, sai shekara guda a makarantar horas da lauyoyi ta Bagauda. Mun san adashen da mahaifiyarta ta riƙa zubawa daga ɗan shagonta na kasuwar Sabon Gari don a biya kuɗin karatun. Daga ranar muka ajiye sunanta na yanka, kowa sai "Barista".

Bayan shekara 3, wata Laraba da muka gama nazari, aka tambayi mai roƙon addu'a. Ta ɗaga hannu ta ce tana so ta bar aikin lauya, ta bi gwaggonta sayar da atamfa a Kantin Kwari. Muka fashe da dariya, a zatonmu wasa take yi. Ita ba ta yi dariya ba. Da ɗakin ya yi tsit, ɗaya daga cikin ƙannenmu ya ce, "Anti, me ya yi zafi haka?" Sai ta buɗe mana cikinta, mu kuma a karo na farko muka kasa kunne.

Ta fara da kuɗi. In aka ce lauya, hankalinmu yakan tafi kan manyan nan masu lambar SAN, wadda aka soma bayarwa a 1975, da motocinsu. Ƙaramin lauya kuwa yana ƙarƙashin oga ne, kuma abin da yake karɓa a wata sau da yawa adaidaita sahu da wanki da guga ke cinye shi. Kowace shekara sai ya biya kuɗin izinin aiki kafin ƙarshen Maris, ga kuɗin hatimi. Ƙa'idar sana'ar ta hana shi bin mutane yana tallar kansa kamar mai gwanjo. A 2023 an fitar da doka mai ƙayyade mafi ƙarancin abin da za a biya lauya, amma dattijon da ya taho daga Fagge da takardar tashi daga gidan haya, ba doka yake riƙe da ita ba, "ki taimaka saboda Allah" yake riƙe da shi.

Na biyu, jira. Takan kwana tana shirya hujjoji, ta isa kotu da sassafe, ta zauna a benci har rana ta take, sannan a ce an ɗage zama: yau shaida bai zo ba, gobe fayil bai iso ba, jibi ba a kawo wanda ake tuhuma ba. A 2021 ma'aikatan kotuna sun shiga yajin aiki ranar 6 ga Afrilu, ƙofofi suka zauna a kulle har tsakiyar Yuni. Duk lauyan da abincinsa ke kan shiga kotu, wata biyu ya yi a bushe. Ta ba mu labarin wani yaro da ake zargi da satar waya, wanda ya daɗe a tsare fiye da abin da za a yanke masa da an same shi da laifin. Ba shi kaɗai ba ne: wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali na ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Uwar yaron takan kira ta da tsakar dare ta ce, "'Yata, yaushe?" Ita kuma ba ta da amsa.

Na uku, kayan mutane. Ba wanda ke zuwa wurin lauya don murna. Rikicin gado, bashi, mutuwar aure, iyakar fili, su ne abin karin kumallonta. Sirri ne kuma, ba ta da ikon sauke shi ko a gaban ƙawarta. An koya mata ta hango mafi munin abin da zai iya faruwa a kowace yarjejeniya, yanzu halin ya biyo ta gida, har alkawarin masoyi sai ta nemi inda zai karye.

Na huɗu shi ya fi ci mata rai. Ta shiga karatun nan don a ƙwato wa mai rauni haƙƙinsa. Sai ga ta an aike ta ta nemi ɗage zama ba don komai ba sai don a gajiyar da mai gaskiya, ko a rada mata cewa takarda ba ta tafiya sai an "ga" wani. In ta ƙi, a ce ba ta waye ba. In ta yi, barci ya ƙaurace mata.

Ciwon ba na Kano kaɗai ba ne. A Amurka, inda albashin ya fi namu nesa ba kusa ba, wani bincike da aka buga a 2016 kan lauyoyi kusan 13,000 ya gano kashi 28 cikin ɗari na fama da alamun ciwon damuwa, kashi 19 na fama da fargaba, kusan kashi 21 kuma shan barasa ya zame musu matsala. Ashe ko an gyara aljihu, da sauran magana.

A nan ne kunya ta kama mu, domin da hannunmu a ciki. Sau nawa muka tare ta a ƙofar majami'a da takardar fili, ba ko kuɗin mota? Sau nawa muka yi mata ba'ar cewa lauya da ƙarya ɗan juma ne da ɗan jummai? Da ta fara fashin zumunta, cewa muka yi ta zama babba, girman kai ya shige ta. Alhali gajiya ce ta kwantar da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa fentin waje muke yabo.

Wani a cikinmu ya tuna mana da Zinas lauya, wanda Bulus ya ambata sau ɗaya tak a wasiƙarsa zuwa ga Titus. Ba a ba mu labarin shari'ar da ya ci ba. Abin da aka nema kawai shi ne 'yan'uwa su yi masa guzuri, kada ya rasa abin bukata. Mu mun juya lamarin: mun mai da lauyarmu rijiya, kowa da gugansa.

Ba mu ce mata ta zauna ba, ba mu ce ta tafi ba. Sayar da atamfa ba faɗuwa ba ne. Abin da muka yanke na kanmu ne. Duk mai bukatar aikin lauya a cikinmu zai je ofis ya biya. Ranar Lahadi ba ranar duba takarda ba ce. Mutum biyu za su riƙa raka ta in za ta ziyarci waɗanda take karewa a tsare, kada ta dawo ita kaɗai da abin da ta gani. Mun kuma koma kiranta da sunanta.

Har yau ba ta yanke shawara ba. Yaron yana nan a tsare, an sa wata ranar zama.

In da lauya a zumuntarku, ko a gidanku, wannan makon ku tambaye shi yadda ya kwana, ku tsaya ku ji amsar. Ku sa 'yar'uwarmu da yaron nan da mahaifiyarsa cikin addu'a. Ubangiji ya ba masu gajiya hutu. Amin.