Tiga: Ranar da mai kwale-kwale ya ƙi bin umarnin darakta

Duk wanda ya saba kallon finafinan Hausa ya san Tiga, ko da bai taɓa taka ƙafa can ba. Ruwan nan ne mai faɗi da ake gani a bayan jarumi da jaruma in an zo wajen waƙa, ga duwatsu, ga kwale-kwale yana lilo. Wanda kyamara ba ta cika nunawa ba shi ne mutumin da ke zaune a ƙarshen jirgin riƙe da filafili, domin galibi darakta cewa yake a yanke shi, wai zai ɓata hoto.

A wata Asabar ta ƙarshen bazara wasu abokai huɗu 'yan industiri suka bar Kano da sassafe: wani matashin darakta, mai ɗaukar hotonsa, edita, sai wani marubucin labari. Da sunan hutun ƙarshen mako aka fita, amma ɗan fim ba ya hutu, daraktan lokeshin yake nema. Suka bi titin Zariya, suka wuce Kura da Kadawa, inda gonaki ke nan kore shar alhali ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba. Wannan duk albarkacin Tiga ne. An gina madatsar a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma ruwanta ake korawa ta magudanai zuwa waɗannan gonaki na shinkafa da alkama da tumatir. In tafkin ya cika yakan mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita 178. Wato ba kududdufi ba ne.

Sun isa da hantsi, suka ci soyayyar karfasa da yaji a bakin ruwa, sannan suka nemi mai jirgi. Aka nuna masu wani dattijo da ke gyaran koma a gindin bishiya. Bayan gaisuwa da ciniki, tambayar farko da ya yi masu ita ce, "Samari, a cikinku wa ya iya ruwa?" Shiru. Edita ya ce shi dai ya taɓa wanka a rafin garinsu yana yaro. Dattijo ya yi murmushi, ya ce to biyu-biyu zai ɗauke su, kuma kowa ya zauna a tsakiya, ban da miƙewa tsaye.

Darakta da mai ɗaukar hoto suka fara shiga. A nan ne hira ta yi daɗi, don mutumin ya san ruwan kamar yadda ɗan Kano ya san lungunan Kurmi. Ya nuna masu wani wuri da ruwan yake lumui, ya ce a ƙarƙashi akwai kututturan itatuwan da tafki ya haɗiye tun lokacin da aka tashi ƙauyuka don yin dam, kuma in ruwa ya ja baya a bazara sai su matso sama, su jira jirgin baƙo. Ya nuna inda masunta ke kafa mamari don tarwaɗa, da inda ba a zuwa kusa saboda jan ruwa a wajen ƙofar madatsa. Duk wannan babu allo, babu alama. A kansa yake.

Da aka zo kan 'yan fim kuwa, sai ya ƙyalƙyale da dariya. "Ai na ɗauke su ba adadi. Sai a ce yarinya ta miƙe ta yi rawa a cikin jirgi, ga takalmi mai tsini, ga gyale yana jan ruwa. Ni kuma a ce in kwanta kada in fito a hoto. To in na kwanta, wa ke riƙe da jirgin?" Ya ce bai taɓa ganin sun zo da rigar ruwa ko ɗaya ba, amma akwatin kayan sawa har uku.

Wajen la'asar aka yi 'yar taƙaddamar. Darakta ya hango wani tsibirin dutse can ciki, rana ta fara yin ja, ya ce lallai nan ne wajen waƙarsa, a kai su su huɗun a lokaci ɗaya kafin haske ya gudu. Dattijo ya dubi gabas, ya ce a'a.

"Haba Baba, ko gajimare babu fa. Zan ƙara maka kuɗi."

"Yaro, riƙe kuɗinka. Ka ji iskar nan da ta juya? Ba na shiga."

Ran darakta ya ɓaci, har yana cewa ƙauyanci ne. Ba a yi rabin awa ba gabas ta haɗe, guguwa ta taso da ƙura, tafkin da ke kwance ɗazu ya shiga tumbatsa yana dukan duwatsu. Masunta suka yi ta janyo jiragensu tudu. Abokan nan suka fake a cikin mota, babu mai cewa uffan.

Mai karatu zai tuna cewa a watan Afrilun 2024 jarumin finafinan Kudu Junior Pope ya rasu tare da wasu ma'aikatan fim lokacin da jirginsu ya kife a Jihar Anambra suna dawowa daga lokeshin. A nan gida ma, a ƙarshen Nuwamban 2021, mutum 29 suka rasu a dam ɗin Watari da ke Ɓagwai, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, a jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima. Furodusan da zai iya biyan kuɗin kala biyar na leshi don waƙa ɗaya, bai da hujjar cewa rigar ruwa ta yi masa tsada.

Sun kwana a garin Tiga. Ran Lahadi da asuba, ruwa ya kwanta, dattijo ya kai su tsibirin biyu-biyu kamar yadda ya faɗa tun farko, mai hoto ya ɗauki abin da yake so. Da za a rabu darakta ya ce za su dawo da 'yan wasa bayan Sallah. Dattijo ya gindaya sharaɗi: a zo da rigunan ruwa, a yi aikin da safe, kuma shi zai faɗi adadin masu shiga. Marubucin labari ya ciro biro ya tambayi cikakken sunansa, ya ce za a sa a jerin sunayen ƙarshen fim, kusa da na direbobi.