Ci Da Sha A Jirgin Yawon Karibiyan, Da Tashoshin Da Yake Tsayawa

A 'yan shekarun nan 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke zaune a Amurka da Kanada sun fito da wata sabuwar hanyar kyautata wa iyaye. Idan tsoho ko tsohuwa suka kai musu ziyara, sai a yankar musu tikitin jirgin ruwan nan na shaƙatawa, a yi mako guda ana zagaya tsibiran Karibiyan. Ni ma Allah ya nufa an yi mini wannan gata har sau biyu, ni da mai ɗakina. Karon farko mun tashi daga Miyami muka bi ta Bahamas da Jamaika da Kozumel ta ƙasar Meziko. Karo na biyu kuma muka tashi daga San Juwan ta Porto Riko muka gangara kudu har Barbados. Tun da muka dawo, tambayoyi biyu ake yawan yi mini a zango: me mutum zai ci a cikin jirgin, kuma in ya tsaya a tasha ina za a nufa? Shi ya sa na ga ya dace in rubuta amsar a nan, domin kowa ya amfana.

Da farko dai mai karatu ya sani cewa abin da ake kira jirgi a nan gari ne guda a kan ruwa. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata. Ciyar da irin wannan taro kuwa sai da tsari, kuma wanda ya san tsarin shi ne zai ci abin da ransa ya kwanta da shi.

Wuraren cin abinci iri uku ne. Akwai babban zauren da ake zama a kawo wa mutum abinci bi da bi, kuma yawanci ana zama biyu ne da dare, na wajen ƙarfe 6 da na wajen ƙarfe 8, ko kuma mutum ya zaɓi zuwa lokacin da ya ga dama. Akwai ɗakin ɗebi-da-kanka a can sama, inda aka jera abinci kamar kasuwa. Waɗannan biyu suna cikin kuɗin tikiti. Na ukunsu su ne ƙananan gidajen abinci na musamman, na gasasshen nama ko na girkin Italiya ko Japan, waɗanda sai an biya daban. Haka kuma ruwa da shayi da kofi kyauta ne, amma lemun kwalba a yawancin jiragen na kuɗi ne. Za a yi ta tallata maka katin abin sha na mako guda, to ribarsa ta mashaya giya ce, mu babu abin da zai ƙare mu da shi. Sannan a tanadi tukuicin ma'aikata, domin manyan kamfanoni suna ɗora kimanin dala 16 zuwa 20 a kan kowane mutum kowace rana.

To, ga maganar da ta fi damun Musulmi, wato halal. Shawarata ita ce a fara maganar tun ranar da aka yanki tikiti. Wasu kamfanonin suna tanadar naman halal idan an sanar da su makonni kafin tafiya, wasu kuma ba sa yi, don haka a nemi amsa a rubuce. Wanda ya bari sai ya shiga jirgi ya makara, domin kayan girki a tashar farko ake loda su.

Daga nan kuma sai a zaɓi zama a tebur ɗaya, a lokaci ɗaya, kowane dare. Amfanin haka shi ne sabis ɗaya ne zai riƙa kula da kai har ƙarshen tafiya. A daren farko na kira shugaban masu kai abinci na gaya masa ba ma cin alade, ba ma cin abin da aka girka da giya, kuma nama sai na halal. Tun daga ranar, kowane dare sai ya kawo mana takardar abincin gobe mu zaɓa, a girka mana namu daban. Da yawa daga cikin ma'aikatan 'yan Indunusiya ne da Indiya da Filifin, kuma wanda ya kula da teburinmu a tafiyar farko Musulmi ne daga tsibirin Jawa. Shi ne ya nuna mana cewa ana iya roƙon girkin Indiya na ganye da wake ko da ba ya cikin takarda. Mai ɗakina ta ce tun da ta bar gida ba ta ci abin da ya ji yaji kamarsa ba.

Inda ake bukatar lura sosai shi ne ɗakin ɗebi-da-kanka. Alade a girkin Turawa ba kullum yake fitowa fili ba. Ana yayyanka shi ƙanana a cikin wake, ko miyar dankali, ko a barbaɗa a kan salak, ana kuma soya ƙwai a kaskon da aka soya shi. Romon da ake zubawa a kan nama sau da yawa da giya ake haɗa shi, haka ma wasu kayan zaƙi. Matambayi ba ya ɓata: a tambayi kuku, aikinsa ne ya amsa. Kifi dai ba ya yankewa ko da rana ɗaya, ga jatan lande, ga shinkafa, ga ƙwai da za a soya a gabanka a kasko mai tsabta in ka roƙa, ga 'ya'yan itace. Mu da muke bin mazhabar Malikiyya an yalwata mana a kan abin da ya fito daga teku, don haka babu wanda zai kwana da yunwa.

Abu biyu kuma game da lafiya. A wanke hannu da sabulu kafin kowane ci, domin ciwon amai da gudawa yana saurin yaɗuwa a inda dubban mutane ke kama cokali ɗaya. Sannan dattawa masu ciwon sukari ko hawan jini su tuna cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Abinci ba ya ƙarewa dare da rana, kuma na ga mutanen da suka kwanta jinya a ɗaki ranar da ake sauka yawo saboda abin da suka yi wa cikinsu a daren jiya.

Yanzu sai maganar tashoshi, kuma nan ne zuciyar abin da nake son faɗa. Jirgi yakan iso da safe ya tashi da yamma, wato sa'o'i 7 ko 8 ke gare ka a kowane tsibiri. Kana sauka za ka tarar da kantunan agogo da turare da zinariya da gidajen giya, iri ɗaya a kowace tasha. Da yawa daga cikin fasinjoji a nan suke ƙare yininsu, su koma jirgi su ci abincin rana. Wanda ya yi haka ya yi asarar babban abu, domin mafi yawan mutanen tsibiran nan jikokin waɗanda aka kwasa ne daga gaɓar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a zamanin cinikin bayi, kuma tukunyarsu ba ta manta da gida ba.

A Jamaika muka sauka Ocho Rios, inda kowa ke rububin hawa duwatsun magangarar ruwan Dunn's River. Mu kuwa muka nemi direban tasi mai lasisi ya kai mu kasuwar gari. Can na ga jan abin sha a kwalba, suna kiransa sorrel, na kurɓa, ashe zoɓo ne da citta. Na ga goro busasshe ana sayarwa don a gurza a dafa kamar shayi, sunansa bissy, wato bese na Asante ke nan, goron nan da kakanninmu suka yi ta fataucinsa daga Gwanja zuwa Kano. Abincin da ƙasar take taƙama da shi kuwa shi ne ackee da kifi mai gishiri, kuma itacen daga yankinmu aka kai shi can a ƙarni na 18. Shi ne wanda mutanen Akan ke kira ankye, wasu Hausawa kuma gwanja-kusa. Sai dai a bar wa masu gari su girka shi, domin wanda bai buɗe da kansa a kan itace ba guba ne. Shinkafa da wakensu, in ban da madarar kwakwa da suke zubawa, da ka rantse a Nima aka dafa ta. Attaruhu kuwa nasu da namu babu bambanci. Gasasshiyar kazarsu mai yaji, wadda suke kira jerk, ta yi suna a duniya, amma sau da yawa a waya ɗaya ake gasa ta da alade, don haka na zaɓi soyayyen kifi da wainar rogo.

A Nasau, babban birnin Bahamas, ana zuwa Arawak Cay, 'yar tafiya kaɗan daga tasha, inda rumfunan suyar kifi suke jere. Abin da suka fi so shi ne wani ƙaton dodon koɗi na teku, a soya shi ko a yanka shi ɗanye da lemun tsami da albasa. Wanda cikinsa bai saba ba ya tsaya ga soyayye. A ɓangaren Faransa na tsibirin San Martin kuma aka kawo mana ƙananan dunƙulen soyayyen ƙulli da kifi a ciki, suna ce musu accras. Da ganinsu ka ga ƙosai, sunan ma ɗan'uwan akara ne na Yarbawa.

Barbados ce ta fi taɓa ni. Abincin ƙasar, wanda suke kira cou-cou, garin masara ne ake tuƙawa da kuɓewa, a ci da kifin nan mai fiffike. Tuwo da miyar kuɓewa ke nan aka haɗe a tukunya ɗaya, har da muciyarsu ta katako. Idan tsayawar ta dace da Juma'a, akwai masallaci a titin Kensington New Road a Bridgetown, ba nisa da tasha.

Tashoshin masu jin Sifaniyanci kuwa suna bukatar ƙarin tambaya. A Porto Riko za a yaba maka mofongo, wato soyayyar agade da aka kirɓa a turmi kamar sakwara, amma bisa al'ada da soyayyar fatar alade ake kirɓa ta. A Kozumel kuma sau da yawa da kitsen alade ake soya wake, shahararrun namansu biyu, cochinita pibil da al pastor, duk alade ne. A rubuta kalmomi biyu a takarda a riƙe: cerdo shi ne alade, manteca kuma kitsensa. Gasasshen kifi da lemun tsami ya wadatar, kuma bayan an ci a San Juwan a taka zuwa tsohuwar ganuwar El Morro, wadda Sifaniyawa suka fara ginawa a 1539.

Duk wannan yawo yana da sharaɗi ɗaya: jirgi ba ya jiran kowa. Ana so kowa ya dawo aƙalla minti 30 kafin tashi. In kamfanin jirgin ne ya shirya yawon, za a jira motarsu ko da ta makara. In kai ka fita da kanka, to kai da aljihunka za ku bi jirgi zuwa tasha ta gaba. Kuma a kula da agogo. Daga Maris zuwa farkon Nuwamba, agogon Miyami yana gaban na Jamaika da Kozumel da sa'a ɗaya. Idan jirgi ya tsaya a kan lokacin Miyami, wayarka kuma ta juya da kanta zuwa lokacin gari, za ka zo ka tarar da ruwa kawai. A ɗaura agogon hannu, a saita shi da na jirgi. A tashar George Town ta Grand Cayman kuma jirgi ba ya matsowa gaɓa, da ƙananan jirage ake ɗibar mutane, layi yana da tsawo, don haka a ƙara sammakon dawowa. Haka nan kada a sauka da 'ya'yan itace ko nama daga jirgi, domin dokokin ƙasashen sun hana.

Tun kafin a biya kuɗi kuma a duba abu biyu. Na ɗaya biza: mai fasfon ƙasashenmu yana bukatar bizar Amurka mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya, kuma kowace tasha da dokarta, don haka a tambayi kamfani a kan kowace ɗaya. Na biyu lokacin guguwa, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. Tikiti yakan yi araha a wannan lokaci, amma ana iya canza tasha ko a soke ta. Guguwar Irma ta 2017 ta rufe tashar San Martin na watanni. Daga Disamba zuwa Afrilu teku ta fi kwanciya, wanda kuma jiri ke damunsa ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi ya riƙe citta. Game da salla, alƙibla daga can tana gabas ne da ɗan karkata arewa, kuma talabijin ɗin ɗaki yana nuna inda jirgi ya dosa.

'Yan'uwa, kuɗin da yaranmu ke kashewa a kan wannan tafiya guminsu ne, na tuƙin tasi da aikin dare a cikin sanyi. Hakkin wannan gumi shi ne mu dawo da lafiyarmu, da addininmu, da kuma wani ilmi da za mu ba jikoki. Ni dai abin da na samo shi ne, akwai danginmu a ƙetaren teku waɗanda aka raba su da harshe da suna, amma har yau suna tuƙa tuwo, suna jiƙa zoɓo, suna ajiye goro. Wanda Allah ya kai shi can, ya ƙetare kantunan bakin tasha ya je ya gaishe su, ya ci daga tukunyarsu, ya kuma dawo jirgi a kan lokaci. Allah ya kai matafiya lafiya, ya yi wa 'ya'yanmu albarka, amin.