Daga Kurmi Zuwa Dala Da Baba Tsoho

Daminar 2022 ta taɓa gidajen ƙasa na cikin birnin Kano ƙwarai. A watan Agusta, wani dare da aka kwana ana ruwa, katangar yamma ta gidan kakanmu da ke bayan Kasuwar Kurmi ta zauna, soron kuma ya tsage tun daga azara har ƙasa. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Da gari ya waye iyayenmu suka yi shawara, suka yanke cewa Baba Tsoho zai taso ya dawo wurinmu a Rijiyar Zaki, can bayan ganuwa. Shi dai bai musa ba. Abin da ya ce kurum shi ne, kafin a ɗauki ko da butarsa, sai ya zaga gari da ƙafarsa, ya hau Dala ya sauko.

To, mutumin nan ya haura tamanin. Mahaifiyata ta yi ta roƙo a ɗauko mota, ya ce in mota yake so ai ya san tasha. Ni kuwa a lokacin ina zaune a gida, domin yajin aikin malaman jami'a da aka fara tun Fabrairu bai ƙare ba, saboda haka aka ce ni zan yi rakiya. Ƙannena biyu, Ummi da Auta, suka ce ƙafarmu ƙafarsu. Baba Tsoho ya dubi Ummi ya ce, “Amarya, ke ce za ki riƙe mini sanda, wannan ragon mijin naki ba zai iya ba,” yana nuna Auta, wanda shekararsa bakwai.

Muka fita ranar wata Asabar da hantsi, gari ya yi luf bayan ruwan dare. Muka ratsa Kurmi ta wajen dukawa da masu turare, ana ta gaisuwa, kowa na “Malam, ashe haka abu ya faru? Allah ya mayar da alheri.” Muna cikin tafiya sai Auta ya ja rigata ya ce, “Yaya, ina kurmin yake?” Wai a makaranta an gaya musu kurmi daji ne mai duhu, shi kuwa tun da muka shigo bai ga ko bishiya ɗaya ba, sai rumfuna da kwano.

Na yi niyyar in yi masa dariya, sai na ga ni ma ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba. Abin da na sani a littafi shi ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar, kuma tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a da akwai kurmi na gaske a bakin Jakara, wanda mutanen farko ke girmamawa, ba mai sare ko reshe. Na faɗa masa haka. Baba Tsoho ya ce gaskiya ne, amma ai ba sai an je littafi ba, sunayen unguwanni ma sun isa shaida. Ya shiga lissafa wa yaron: Durumin Iya, Rimin Kira, Ceɗiyar 'Yan Gurasa, Kukar Bulukiya. Ya ce duk inda ka ji irin wannan suna, to, bishiya aka tarar a wurin, a ƙarƙashinta aka fara zama, mutane suka taru har aka yi unguwa. Auta ya ce, “To ina suke yanzu?” Ya ce, “Wasu suna nan, wasu kuwa an dafa tuwo da su.”

Daga nan muka nausa arewa ta cikin lunguna, irin waɗanda in mai kura ya shigo sai kowa ya manne da bango. Muka bi ta Dandalin Turawa. Ummi ta zaci Turawan Ingila ake nufi, sai da aka gaya mata Larabawa ne fatake, mutanen Tarabulus da Gadamas, domin su ake kira Turawa tun kafin Nasara su ci Kano a 1903. A nan muka yi hutun farko a kan dakalin wani masallaci. Lalle duk mai son ya yi wannan zagaye da yara ko da tsoho kada ya ji tsoro, cikin gari ba ya rasa dakali, ba ya rasa mai ba ka ruwa.

Hawan Dala shi ne abin da nake fargaba. An yi matakala ta siminti, amma tana da tsayi, ga shi kuma babu inuwa. Yara suka ruga suna ƙirgawa, suka dawo suna gardama, domin lissafinsu bai zo ɗaya ba. Shi kuwa tsoho sai ya taka goma ya tsaya, ya taka goma ya tsaya, yana salati, hannunsa ɗaya a kafaɗata. Ina jin numfashinsa a kunnena, ina ta tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyata in wani abu ya faru. Sau biyu na ce mu juya, ya yi kamar bai ji ba.

Da muka kai sama ya zauna har ya dawo hayyacinsa, sannan ya miƙe muka dubi gari. Ga hasumiyoyin babban Masallacin Juma'a da Gidan Rumfa can kudu, ga Goron Dutse a yamma, sauran kuwa kwano ne iyakar ganinka, wani sabo yana ƙyalli, wani ya yi tsatsa. A kan dutsen nan ne aka ce Barbushe ya zauna yana yi wa Tsumburbura hidima. Daga nan ne kuma Bature matafiyi Barth, wanda ya zo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya zana hoton birnin, ya kuma ƙiyasta mazaunansa dubu 30. A zanen nasa akwai dabino, akwai filaye. Baba Tsoho ya ce shi ma ya tarar da ragowar wannan. Suna yara, in an hau ranar Takutaha, daga gindin Goron Dutse har zuwa ganuwa gonaki ne na gero da dawa, ga kududdufai, ga kukoki tsaitsaye. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa, ai har da gonaki aka zagaye, don ko an yi wa gari ƙawanya a sami abin kaiwa baka.

Sai ya ce bari ya nuna wa amarya gidansu. Ya ɗaga sanda ya nufi wajen Kurmi, ya tsaya. Ya matsa da ita dama, ya dawo hagu. Ashe shi duk rayuwarsa da wani dogon dabino na maƙwabta yake gane gidan daga nan, dabinon kuwa an sare shi tuntuni an yi shaguna a wurin, shi kuma rabonsa da hawa ya fi shekara ashirin. Na ciro waya zan duba masa a taswira, ya daka mini tsawa ya ce in mayar da ita aljihu. Muka yi tsit. Ya daɗe yana dubawa, can ya sauke sandar ya ce, “Idon ne ya tafi.” Ni dai na san ba ido ba ne, domin ni ma mai ido biyu ban gane ba.

Saukowa ta fi sauƙi. Muka gangara yamma zuwa gindin Goron Dutse, ba mu hau ba, muka juyo ta Jakara. Ruwan da aka ce kurmi ya lulluɓe, yau magudana ce ta siminti, sai toshe hanci. Amma gurasar wurin tana nan yadda aka san ta. Muka sayi bandashe ya sha ƙuli da yaji, muka zauna muka ci, tsoho ya ci fiye da kowa, har yana zolayar Auta wai ya ci nasa ya ci na miji. La'asar ta same mu a ƙofar gida, inda muka fara.

Kafin mu shiga ya sa na karyo masa reshen ceɗiyar da ke ƙofar masallacin unguwa, ya ce ita ba ta da wuyar kamawa. Ran Litinin aka kwashe kaya. Da muka isa Rijiyar Zaki ya nemi inda za a dasa, mahaifina ya ce saiwar ceɗiya na fasa gini, ga shi tsakar gidan duk an shafe da siminti, a dakata tukuna a ga yadda za a yi. Aka sa reshen a wani tsohon bokitin fenti. Ya yi ganye, Auta ne ke ba shi ruwa kullum da safe, har yanzu kuwa ba a gama shawarar inda za a kai shi ba.